RANA BA TA ƘARYA, SAI DAI MAI SOLA YA JI KUNYA

'Yan uwana masu karatu, yau ku yi mini haƙuri, zan ɗan jingine labarin soyayya da kishi da zaman gidan miji a gefe, in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar wutar sola ce, da yadda ta shigo mana ƙasar Ajingi da Gaya da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ta shigo da kayanta niƙi-niƙi, amma ta baro iliminta a baya. Ra'ayina a taƙaice shi ne, matuƙar ba a zaunar da yaranmu, maza da mata, an koya musu karatun farko na wannan fasaha da harshen da suke ji ba, to duk kuɗin da ake narkarwa a kanta zuba ruwa ne a kwando.

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya san abin da nake nufi. Za ka ga turakun fitilun kan titi sun jeru tsaye kamar dogarai, kowane da ɗan farantinsa a ka, amma da magariba ta yi ko ƙyalli babu. Za ka ga rijiyar burtsatse da tankinta a sama, farantai a gefe cikin shingen waya, famfo kuwa a bushe ƙamas, yara sun koma jan guga kamar yadda kakanninsu suka yi. In ka tambayi mutanen gari me ya faru, amsar ɗaya ce: ta lalace. Me ya lalace a cikinta? Babu wanda ya sani. Wa zai gyara? Wai sai an kira mutum daga birni, shi kuma sai an biya masa kuɗin mota da na abinci tun kafin ya taɓa komai. Abin takaicin shi ne, sau da yawa abin da ya kashe aikin miliyoyin naira bai wuce fiyus da ya ƙone ba, ko waya da ɓera ya ci, ko ƙura da ta lulluɓe faranti. Ranar da aka yi bikin buɗewa an yi tafi, an ɗauki hoto, an watse, ba a bar ko mutum ɗaya a garin da ya san inda zai duba ba.

Wani zai ce, to me ya sa sai yanzu nake wannan magana? Dalili shi ne zamani ya riga ya tura mu bakin rana, ko muna so ko ba ma so. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mai injin ban ruwa a fadama, da mai markaɗe, da mai cajin waya, da mai sayar da ruwan sanyi, duk sun ji a jikinsu. Sannan a watan Oktoban 2024 aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Binuwai da Jos shi ma ya samu matsala, mafi yawan Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Mu mutanen ƙauye dariya ma abin ya so ya ba mu, domin abin da mutanen birni suka yi ta kuka a kansa na 'yan kwanaki, shi ne rayuwar garuruwanmu da yawa tun fil azal. Bankin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki sam, kuma kowa ya san yawancinsu a karkara suke. A ɗaya ɓangaren kuma, farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Mai ya yi tsada, faranti ya yi sauƙi, rana kuwa ga ta nan kullum kyauta. Shi ya sa yau ko'ina ka duba sai ka ga faranti a kan kwano.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ake nufi da makamashi mai sabuntuwa, domin shi ne darasin farko da nake son a fara koya wa yara. Fetur da gas da kwal daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su, sun ɗauki miliyoyin shekaru kafin su samu, kuma duk abin da aka ƙona ya tafi ke nan, sai hayaƙinsa da ke ƙara ɗumama duniya. Kamar mutumin da ya gaji rumbu ne yana ɗiba ba ya noma. Amma hasken rana, da iska, da ruwa mai gudu, da kashin dabbobi, waɗannan kullum dawowa suke yi. Ka yi amfani da ranar yau, gobe wata za ta fito. Kowanne daga cikinsu akwai misalinsa kusa da mu. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, an kafa masa injin samar da wuta mai ƙarfin megawat 10. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa manyan fankoki domin samar da wuta daga iska, aikin da aka ƙudurta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ya kuma sha jinkiri na shekaru masu yawa. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a shekarar 2019, sannan a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a yankin Kumbotso. Kashin shanu kuwa, in aka rufe shi cikin rami ko tanki da ruwa ba tare da iska ta shiga ba, yana fitar da gas da ake girki da shi, abin da ya rage kuma ya zama taki.

A cikin duk waɗannan, rana ce tamu. Ba kowane gari ke da madatsar ruwa ba, iskarmu kuma ba kullum take da ƙarfin juya fanka ba, amma babu gidan da rana ba ta leƙawa a Ajingi. To yaya wutar sola take aiki? Abubuwa huɗu ne, kuma duk yaron da ya iya haɗa rediyo da batir zai gane su. Na farko faranti, shi ke karɓar hasken rana ya mayar da shi wuta. Na biyu kwantirola, ita ce mai gadin batir, tana hana shi cika ya wuce ƙima ko ya zuƙe gaba ɗaya. Na uku batir, shi ne rumbun da ake tara wutar rana domin dare. Na huɗu inbata, ita ke juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da talabijin da firij na gida suke ci. Idan wuta ta ɗauke, a ɗaya daga cikin huɗun nan matsalar take, ko a wayar da ta haɗa su. Wanda ya san wannan kaɗai ya riga ya yi rabin gyara.

Sai lissafi, wanda shi ne wurin da aka fi cutar mutane. A ƙasarmu, in aka tattara ƙarfin ranar yini guda, daidai yake da awa 5 zuwa 6 na rana tsaka. Faranti mai wat 300, in ka ninka da awa 5, zai ba ka 1,500. Ka cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da ke salwanta a waya da batir, ya rage kimanin 1,100. Yanzu ka lissafa abin da gida zai ci. Fanka mai wat 50 ta yi awa 8, ta ci 400. Ƙwan fitila 4 masu wat 10 su yi awa 5, sun ci 200. Talabijin mai wat 60 ta yi awa 4, ta ci 240. Cajin wayoyin gida ka ba shi 60. Jimla 900 ke nan, faranti ɗaya ya riƙe gidan har da ɗan saura. Amma uwargida ta jona dutsen guga mai wat 1,000 na awa guda, ya lashe abincin kowa. Daga nan sai maigida ya dawo ya tarar da duhu, ya ce an sayar masa da jabu, alhali ba a taɓa gaya wa kowa a gidan abin da za a jona da wanda ba za a jona ba. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba. Ninkawa ce da tarawa. Amma rashin saninsa ne ya sa wani ke sayen ƙaramin faranti ya haɗa da ƙaton batir, batirin bai taɓa cika ba har ya mutu, wani kuma a ɗora masa kayan da suka ninka buƙatarsa a caje shi kuɗi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar ko kwabo. Mu muna arewa da tsakiyar duniya, saboda haka faranti kudu ya kamata ya fuskanta, a ɗan jingine shi kamar digiri 12, ba a shimfiɗa shi kamar tabarma ba, domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Inuwar reshe ɗaya in ta faɗa kan kusurwar faranti tana iya rage wutarsa sosai. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kansa ta toshe haske, sai an riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana yana zafi ba. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana faranti ke so, alhali haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, shi ya sa ake barin sarari tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa. Batir irin na dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, kuma mai ruwa yana buƙatar a riƙa ƙara masa ruwan batir, ba ruwan rijiya ba. Faranti mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki. Batirin dalma kuwa in ya yi shekara 2 zuwa 4 ya yi ƙoƙari, na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ma'ana, duk garin da aka sa wa sola mai batir, tun ranar farko ya kamata a san cewa akwai ranar sayen sabon batir, a fara tara kuɗinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya kawo mu ga kalma ta biyu da masana ke yawan faɗa, wato ɗorewa. A shekarar 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto da ya yaɗa wannan tunani a duniya, cewa mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun cinye rabon na baya ba. Mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane manomi ya san ba a cin iri, kuma addininmu ya hana almubazzaranci ko da a bakin kogi mutum yake alwala. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, sola kanta in aka yi ta da jahilci tana iya zama ɓarna, ta fuska uku.

Ta farko, mataccen batir. Cikinsa dalma ce da ruwan guba. Ka ga yara suna fasa shi suna wasa da abin da ke ciki, ko masu gwangwan suna narka shi a tsakiyar unguwa kusa da inda ake shanya hatsi. Wanda bai san illar dalma ba ya tuna abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400, ta bar wasu da larurar ƙwaƙwalwa. Can daga dutse ta fito, nan daga batir za ta fito, amma dalma dalma ce. Yau kusan kowane shago akwai batir, nan da 'yan shekaru duk za su mutu. Ina za a kai su?

Ta biyu, ruwan ƙasa. Injin ban ruwa mai aiki da sola alheri ne babba ga mai noman rani, domin ba ya shan mai, yawanci ma ba ya buƙatar batir, rana na fitowa yana tashi. Amma a da tsadar mai ce ke sa manomi ya kashe inji da zarar gona ta sha. Yanzu da ruwa ya zama kamar kyauta, sai ka ga an bar shi yana kwarara daga hantsi har la'asar. In kowa ya yi haka, ruwan ƙarƙashin ƙasa zai yi ta ja da baya, rijiyar maƙwabci marar ƙarfi ta fara ƙafewa. An riga an fara kuka da irin wannan a ƙasar Yaman. Ruwan da ke ƙarƙashinmu ma rumbu ne, damina ke zuba masa, kuma yana da iyaka.

Ta uku ita ce wadda masu maganar sola suka fi mantawa da ita, wato murhu. Fitila ta haska ɗaki, waya ta samu caji, amma tuwon dare da icce ake tuƙa shi. Ƙaramar sola ba ta dafa abinci. Saboda haka ko an sa wa kowane gida faranti, gatari bai huta ba, kuma motocin itace da gawayi ba su fasa ɗauka daga karkara suna kai wa birni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya duk shekara, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne a bakin murhu. Akwai murhu mai tattalin icce da ake ginawa da laka, wanda ke tattara wuta a ƙarƙashin tukunya ya rage ci da hayaƙi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu da na'urar girki da busar da kaya da zafin rana. Me ya hana su iso hannun matan Ajingi? Babu wanda ya kawo musu karatun.

Icce kansa makamashi ne mai sabuntuwa, in an ba shi dama. 'Yan uwanmu Hausawan Maraɗi sun nuna wa duniya haka. Bayan farin da ya addabi yankin Sahel, a wajen shekarar 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara a gonakinsu rassa ne na kututturen bishiyoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara shawo kan manoma su bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, su datse sauran. Babu dashe, babu ban ruwa, babu kwangila. Manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, har abin ya kai Damagaram. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Me aka kai wa waɗannan manoma? Ilimi kawai. Jihar Kano tana cikin jihohi 11 na shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, amma bishiyar da manomi ya raina da hannunsa a gonarsa ita ce akuya ba ta cinyewa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujjarsu. Wani zai ce, talakan da ke neman na awo, ina shi ina karatun sola? Amsata ita ce talaka ne ya fi kowa buƙatarsa. Mai kuɗi in batirinsa ya mutu gobe zai sayi wani. Amma wanda ya sayar da akuyoyinsa ya haɗa ɗan faranti don ya buɗe shagon caji, in aka cuce shi, jarinsa ne gaba ɗaya ya tafi. Kasuwa cike take da farantan da aka manna wa takardar wat 300 alhali ba su kai ba, da tsofaffin batura da aka yi wa fenti. Wanda ya iya riƙe ɗan mitan awon wuta ya gwada kafin ya biya, ba a yi masa wannan. Araha ba ta ado, amma sai mai ido ke gane ta.

Wani kuma zai ce wannan aikin injiniyoyi ne, ba na wanda bai yi zurfi a boko ba. To a ƙauyen Tiloniya da ke ƙasar Indiya akwai wata makaranta da ake kira Barefoot College, wadda ta yi suna wajen ɗauko mata daga ƙauyukan Afirka da Asiya, da yawansu kakanni ne da ba su iya karatu da rubutu ba, a koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata 6, ta hanyar launi da alama da aikin hannu. Dalilinsu na zaɓar mata manya shi ne saurayi in ya ƙware birni zai tafi, amma tsohuwa garinsu za ta koma. Ba ma sai mun je Indiya ba. Ku leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga yaran da ke buɗe wayar da aka ƙera a Sin su gyara ta, wasunsu ko sakandare ba su gama ba. Mu kuwa mutanen ƙasar Gaya bai kamata a ji wannan magana daga bakinmu ba. Labarin da aka gada ya nuna cewa maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka bi sawun tama har dutsen Dala suka zauna suna narka ƙarfe, har ana cewa daga sunan ɗayansu birnin Kano ya samo sunansa. Jikokin waɗanda suka fitar da ƙarfe daga dutse ne za a ce waya ja da baƙa sun gagare su?

Na uku zai ce, ai haƙƙin gwamnati ne ta kawo mana wuta ta sosai, maganar sola neman sauke mata nauyi ne. Gaskiya ne haƙƙinta ne, kuma ba za mu fasa nema ba. Ƙaramar sola ba za ta juya babban injin casar shinkafa ba, ƙasa kuma ba ta ci gaba da fitilar caji. Amma tun muna yara muke jin ana sauya wa hukumar wuta suna, daga NEPA aka koma PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da rarraba wuta ga kamfanoni. Jaririn da za a haifa yau da daddare a ɗakin shan magani na ƙauye ba zai jira a ja layi ba, allurar rigakafin da ke cikin firij ma ba za ta jira ba. Sannan dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, abin da ke nufin ƙananan tashoshin sola na gari guda za su iya ƙaruwa. In sun zo, wa zai yi aiki a cikinsu? In ba mu shirya yaranmu ba, daga wani wuri za a kawo ma'aikata, namu su zama masu gadi.

To me nake son a yi? Abu na farko, a shigar da wannan karatu cikin makarantunmu a aikace. Kowace sakandare a Ajingi da Gaya da Albasu a ba ta faranti ɗaya da batir da kwantirola da mita, yara su kwance su ɗaura da hannunsu, kada abin ya tsaya a zanen allo. Ga kwalejin kimiyya ta Maitama Sule a cikin Gaya, ga kwalejin fasaha a Wudil, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka buɗe a 2001, wadda a 2022 aka sa wa sunan Aliko Ɗangote. Duk a bakin ƙofarmu suke. Me zai hana ɗalibanta masu karatun lantarki su riƙa fitowa lokacin hutu suna yin bita ta mako biyu a garuruwanmu da Hausa?

Na biyu, duk wanda zai ba da aikin rijiyar sola ko fitilun titi, ƙaramar hukuma ce ko ɗan majalisa ko ƙungiyar agaji, ya sa sharaɗi a takarda cewa ba za a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ba sai ya koya wa mutum biyu 'yan garin yadda ake duba kayan, ya bar musu kayan gyara da bayani rubutacce da Hausa, da boko da ajami. Masu unguwanni da dagatai su tsaya kai da fata a kan wannan, su kuma kafa ɗan kwamiti da zai riƙa karɓar wani abu kaɗan daga masu ɗiban ruwa ana ajiyewa domin ranar gyara. Abin da ake ce wa na kowa da kowa, in ba a ɗora shi a wuyan wani ba, marar uwa ne.

Na uku, kada a bar mata a baya. Ita ce ke gida lokacin da rana take aiki, ita ke jona kaya, ita ke shaƙar hayaƙi, ita kuma za ta iya mayar da firij ɗaya ya zama sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Makarantun Islamiyya na matan aure suna nan a kusan kowane gari. Awa ɗaya a mako ta isa a koyar da lissafin wat da ginin murhu mai tattali da haɗarin mataccen batir.

Na huɗu namu ne, mu marubuta. Tun kafin samun 'yancin kai Alhaji Abubakar Imam da Dokta East suka rubuta littafin Ikon Allah, suka bayyana wa Bahaushe ilimin halittu da harshensa. Mu da littattafanmu suka shiga lungunan da jarida ba ta shiga, har cikin ɗakunan matan da ke kulle, me muka ƙara a kai? Ba na cewa mu mayar da labarin soyayya darasin kimiyya, domin mai karatu zai ajiye. Amma sau nawa za mu yi ta ba jarumarmu ɗan Alhaji mai dogayen motoci? Me zai hana saurayin ya zama mai haɗa sola da ya dawo da ruwa garinsu, ko yarinyar ta zama ita ce ta gano abin da ya kashe firij ɗin asibiti? Kuma me zai hana ɗayanmu ya zauna da wani malamin lantarki su fitar da ɗan littafi mai shafi 40, da hotuna, a sayar da shi kuɗin katin waya?

Jama'a, rana ba ta taɓa saɓa mana alkawari ba, kullum tana fitowa a kan lokacinta. In fitila ta mutu ko famfo ya ƙafe, mu ne ba mu yi namu ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke aji yau su ne za su riƙe waɗannan kaya nan da shekara 10. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in yana da ɗa ko ƙani da ke zaune ba aiki, ya kai shi wurin mai haɗa sola na kirki ya koya, in kuma yana da faɗa a ji a ƙaramar hukuma ko a fada, ya isar da saƙon. Allah Ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai ɗore bayansu, amin.